Oga na Cikin Yashi

Wani ne maƙwabcinsa ya sayi aku. Shi ke nan fa, layin gaba ɗaya ya tare a gidan mai aku. Yara da manya, har mai gyaran famfo in ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce wa tsuntsu "sannu", tsuntsu ya ce masa "sannu dai". Gogan naka yana baranda yana kallo, abin yana cin sa. Ko baƙo ya yi, da ya kurɓi ruwa sai ka ji ya ce, "Wai nan kusa ne gidan mai akun nan?"

Ranar nan ya zura takalmi ya ce wa matarsa, "Maman yara, yau zan shigo da abin da zai rufe bakin tsuntsun nan."

Ta ce, "Allah Ya sa ba wani bakin za ka ƙaro mana ba."

Bai zame ko'ina ba sai shagon masu sayar da kifin ado. Akwatunan gilashi jere har sama, ruwa yana ɓulɓul, kifaye ja da ɗorawa da shuɗi suna ta kai-komo.

"Malam, wanda babu shi a gidan kowa nake so."

Mai shago ya nuna masa wani ja mai doguwar wutsiya.

"Wannan ko wurin likitan haƙori akwai shi."

Ya nuna masa wani mai zane-zane.

"Wannan ai rigar barcina ce."

Mai shago ya dube shi sama da ƙasa, ya ja shi can lungu gaban wani akwati. Ruwa garau, farin yashi a ƙasa. Babu komai.

"To, ga shi."

"Ga wa?"

"Kifin tana. Siriri ne kamar igiyar takalmi, launinsa ja-ja, idanunsa kamar kan allura. A bakin teku ake samun sa, shi ma sai an dace. Da wutsiya yake haƙa yashi, ya shige da baya, ya binne kansa. Da hanci yake neman abinci, ba da ido ba. Sai ka yi wata da watanni ba ka ga ko kansa ba."

Gogan ya riƙe baki. "Wato shi ba ya zama kan sanda yana yi wa mutane surutu?"

"Ko kaɗan."

"Ai wannan shi ne babba! Naɗe min shi."

"Amma da sharaɗi," in ji mai shago. "Yashi mai laushi, kar ya goge masa fata. Ruwan gishiri irin na teku. Ɗan jatan lande da yamma. Ba ya son haske, ba ya son hayaniya. Murfi kuma a rufe gam, don ko kafar maɓalli ya samu sai ya sulale."

Ya ɗauko 'yar raga zai tono shi. Gogan ya cafke masa hannu.

"Kai! Haka ake tashin manya daga barci? Kwaso shi da gadonsa."

"Yallaɓai, ai gara mu gan shi tukuna."

"Ni na yarda da shi."

Aka sa kwano aka kwashe yashin gefen da yake kwana, aka juye a bokiti. Aka ɗora sabon akwati a mota, sai gida.

Matar ta leƙa bokiti, ta leƙa fuskar mijinta.

"Baban yara, gini za mu fara?"

"Yi a hankali! Oga yana ciki."

Aka janye teburin cin abinci, akwati ya hau wurinsa. Dama tun a can mai shago ya ba shi gishirin teku da wani ɗan ma'auni na gwada ruwa. Gogan ya jefa ma'aunin a aljihun tebur, ya ɗauko cokali. Ya zuba, ya motsa, ya ɗanɗana, ya yatsine fuska.

"Maman yara, zo ki ji. Ya ji gishiri?"

"Ni miya na iya. Ban taɓa dafa teku ba."

Daga ranar doka ta sauya a gidan. Labule a rufe rana tsaka. Talabijin sai dai hoto, babu murya. Yara suna tafiya da kan yatsu. In matar za ta kunna na'urar markaɗe, sai ta ja waya har banɗaki ta rufe ƙofa. Atishawa kuwa a baranda ake yin ta. Kullum da yamma gogan zai jefa jatan lande a ruwa, ya durƙusa ya ce, "Oga, bisimilla." Da safe ya duba, babu ko ɓurɓushi.

"Kin gani? Tas! Kuma ko motsin cokali ba ki ji ba."

Ta ce, "Mhm."

Wata safiya ya fito daga ɗaki a gurguje, hannunsa ɗaya riƙe da ƙugun wandon barci. Sai ya ga murfin akwati ya ɗan goce. Ya ƙwala ihu, ya tuna doka, ya ƙarasa ihun da raɗa.

"Oga ya fita! Kowa ya tsaya inda yake! Kar wanda ya taka ƙasa!"

Yara suka haye kujera. Shi kuma ya kife a ƙasa yana rarrafe da hannu ɗaya. Ya cafko wayar caja, ya saki. Ya cafko igiyar takalmin makaranta, ya saki. Bayan firij ya zaro wani busasshen silin taliya, ya dube shi, idonsa ya kawo ruwa.

"Haka ka rame?"

"Taliya ce," in ji matar.

Can ƙarƙashin kujera ya hango wani abu dogo, siriri, ja-ja, a miƙe ba motsi. Ya saki wando, ya tallabo shi da hannu biyu, ya ruga ya tsoma a ruwa. Abin ya yi ƙasa a hankali, ya kwanta kan yashi.

"Ya suma! Ku kawo mafici! Oga, buɗe ido, ni ne!"

Matar ta rufe wa yara ido da tafin hannu.

"Baban yara, zariyar wandonka ce. Duba ƙafafunka."

Ya duba. Ya ja wando sama, ya ce ai dama gwaji yake yi, don a san abin yi in ranar ta zo.

A ranar ta kira babanta ta ce ko dai ya zo ya yi wa mijinta magana, ko ita ta dawo gida ta yi atishawarta a sake. Gogan da ya ji surukinsa zai zo, sai ya ga dama ta samu. Ya gayyaci mai aku, ya gayyaci abokan aikinsa, ya ce kowa ya zo ranar hutu ya ga abin da idonsa bai taɓa gani ba.

Falo ya cika. Takalma a waje, labule a rufe, manyan mutane sun durƙusa sun manna hanci a gilashi. Surukin kaɗai ke zaune kan kujera, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Ruwa yana ɓulɓul.

Gogan ya yi raɗa, "Ba kowane ido ke kama shi ba fa. Sai mai natsuwa."

Nan take wani abokin aiki ya ce, "Na ga hancinsa!"

"Ina?"

"Ya mayar."

Wani ya ce shi wutsiya ya gani. Wani ya rantse yashin yana numfashi. Mai aku ya ga za a bar shi a baya, ya gyara tabarau ya ce, "Ai tun da na shigo muke kallon juna da shi. Har ya ɗaga min gira."

"Haka yake yi wa wanda jininsu ya haɗu," in ji gogan, ƙirji a gaba.

Ya juya ga surukinsa. "Baba, matso ka gani."

"Ina gani daga nan," in ji tsohon. "Ina ganin abubuwa da yawa."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai shago ne, gumi sharkaf, rungume da kwalba mai faɗin baki.

"Yallaɓai, na sha wuya kafin in gano gidan nan, sai da direban da ya kawo maka akwati ya kwatanta min. Ka yi haƙuri. Ina wanke wancan akwatin na lungu, na kwashe sauran yashin, sai ga shi yana mutsu-mutsu. Ashe ranar da muka sa kwano ya gudu ɗaya gefen. Ga kifinka."

Ya ɗaga kwalba. Ga ɗan abu siriri, ja-ja, yana ta murɗe-murɗe yana neman inda zai tura wutsiya.

Hantuna suka bar gilashi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga hanci ya shiga neman takalminsa. Mai aku ya leƙa kwalba ya ce, "Gaskiya wanda na gani ya fi wannan ƙiba."

Gogan ya dubi kwalba, ya dubi akwati.

"To wa yake cinye jatan landen?"

Matar ta ce, "In ya kwana wari yake yi. Kullum kafin ka tashi nake ɗaga murfi in tsame in ba kyanwa."

Kowa ya waiwaya. Ga kyanwa a bakin ƙofar kicin, ta zama kamar matashin kai, tana lasar baki.

Surukin ya dogara sanda ya miƙe. Ya zo gaban akwati ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya juyo.

"Yaro, tsaya in fahimta. Ka hana 'yata atishawa, ka hana jikokina gudu, ka zaunar da gida a duhu. Wato duk watannin nan yashi kake kiwo?"

Gogan ya gyara tsayuwa.

"Ƙwarai, Baba. Kuma duba da kyau, ko ƙwaya ɗaya ba ta mutu ba."