Rasuwar Ina-Gajiya, Mai Gaisuwar Dole

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Sahabi, mai kula da kwamfutar ƙungiyar manoman hatsi a Filinge, yana sanar da rasuwar Ina-Gajiya, ɗan rubutun umarni mai layi arba'in, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara shida.

Sahabi ne ya rubuta shi, ya dasa shi cikin manhajar farautar kuskure, don a ganinsa rashin tarbiyya ne a faɗa wa aiki babu sallama. Tun ranar, da an buɗe manhajar sai marigayi ya taso da kansa, ba wanda ya kira shi. "Ina kwana? Ina gajiya? Ina gida? Ya ruwa?" Ba a duba layi sai an amsa masa, kuma kowane layi da gaisuwarsa. Mai ladabi ne, wallahi. Ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, daga farko yake somawa, bai yarda da rabin gaisuwa ba.

Ciwon ajali ya zo da ruwan shuka. Manhajar rabon iri ta rikice, ta tura buhunan garin Tabla zuwa Bankuku, ta ce mutanen Tabla babu su a duniya. Ga su kuwa a ƙofa da amalanke, laima tana bushewa a gonakinsu. Layi dubu tara ne za a bincika. Kwana uku marigayi yana gaisuwa, bai wuce na ɗari huɗu ba.

Samiratu, shugabar ƙungiya, ta zo ta tsaya a kan Sahabi. Dole ya rubuta umarnin da ya hana kowane rubutu tasowa da kansa. Cikin minti biyar kuskuren ya fito, iri ya isa Tabla kafin la'asar. Sahabi bai ci tuwo ba ranar.

Marigayi ya bar linzamin kwamfuta guda, da fanka mai tari, da maɓallan L, A da F, waɗanda suka koɗe wajen amsa "lafiya lau".

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan azahar a biron ƙungiya, wato ofishinta da ke bayan kasuwa. Za a kwafe shi cikin ɗan kile na ajiyar bayanan kwamfuta, a naɗe da farin ƙyalle, a sa a durowa. An yafe goro. Roƙo ɗaya ne: masu ta'aziyya kada su tsaya daga taga su miƙo takarda yadda suka saba, su shigo ciki su zauna. Shekara shida ke nan, ban da marigayi, ba wanda ya tambayi Sahabi gajiya.