Ranar Da Na Ƙi Karɓar Amarya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Nasiru, ɗan yayana, a Wara ba.

Ni dilan kifi ne. Ina sayen banda a bakin ruwa, in loda mota daga Yauri zuwa kudu. Amma tun ina saurayi nake da burin rubuta littafi a kan rayuwar masunta. Da na sayi babbar waya sai na shiga wani zauren marubuta na intanet, na saka babi na farko. A nan littafin ya tsaya cak. Kullum ina leƙen wa ya yaba, wa ya kushe, ina mayar da martani. (Ni da ba a taɓa kada ni a ciniki ba, sai a kada ni a waya?)

Ga wani hali nawa: da girma na koyi latsa waya, don haka duk abin da nake rubutawa sai na furta shi da baki.

Ranar auren ni ne wakilin ango. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gidan Malam Ɗanjuma, kawun amarya, wanda na daɗe ina sayen kifi a hannunsa. Na nemi aure, an ambaci sadaki, liman ya shiga nasiha. Sai wayar ta motsa a aljihuna. Na zaro ta a ƙarƙashin babbar riga. Wani ne a zauren marubutan ya rubuta wai in amince kawai, labarina ba shi da gishiri. Nan take na shiga rubuta masa amsa.

Ban ji lokacin da Malam Ɗanjuma ya ce ya ba da ɗiyarsa ba. Ban ji liman ya ce, “Wakilin ango, ka karɓa?” ba. Abin da jama'a suka ji daga bakina shi ne:

“Allah ya kiyaye! Ban amince ba.”

Na ɗaga kai, na ga Nasiru daga can baya ya dafe ƙirji.

Malam Ɗanjuma ya gyara zama. “Alhaji, mi kac ce? Nan ma tayawa za ka yi? Wagga ba kwandon tarwaɗa ba ce, ɗiya ce.”

Dariya ta ɓarke har da liman. Na ce “Na karɓa” ya fi a ƙirga, gumi na bin bayana.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Kai da littafin da wayar, wa ke riƙe da wani?”

Tun daga nan, in zan tafi sayen kifi, ƙaramar waya mai maɓalli nake ɗauka, babbar ta zauna gida. A cikin jirgi, da bakin banda ina jiran kifi ya yi, sai na ga lokaci ya yi mini yawa. Na koma jin hirar masunta, ina rubutu da biro ba mai katse ni. Kafin ruwa ya janye, littafin ya kammala, alhamdu lillahi.

Na gode wa Allah da ya kunyata ni a gaban masu ƙaunata. Mai son rubutu, ka riƙa ajiye wayar nan da kanka, kada ka jira sai gari guda ya taru ya taya ka.