Nomau da Soson Katangar Makaranta

A Unguwar Tsamiya akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa, mutum uku ne a cikinsa: Kawu Jatau da 'ya'yan ƙanwarsa, Arzika da Nomau. Arzika mai zane ne. Yakan yanke hoto a jikin kwali, ya manna kwalin a bango, ya fesa fentin gwangwani, in ya ɗaga sai ka ga tsuntsu ko fure ya fito ta ramukan. Nomau kuwa Allah Ya ba shi ƙarfi da farar zuciya, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ba shi da buri a duniya da ya wuce ya bi yayansa yana girgiza masa gwangwani. To, da shugabar firamare, Malama Ladidi, ta ba Arzika aikin zana ganyaye a katangar makaranta saboda bikin dashen itatuwa, sai Kawu ya kafa sharaɗi: in Nomau ya ɓata wannan aiki, ƙauye zai koma noma, shi da fenti sai dai kallo daga nesa.

Wata rana Arzika ya gwada kwalin sabulu, feshi biyu ya jiƙe ya saki. Ya yi tsaki ya ce, "Nomau, samo mini abin da ruwa ba ya kama shi." Nomau ya zagaya unguwa da buta, yana tsiyaya wa duk abin da ya gani ruwa. Tabarma ta jiƙe, buhu ya jiƙe, hular mai shayi ma ta jiƙe, har ya sha dundu a kanta. Can da la'asar sai ga shi da agwagwar maƙwabta a hammata. Ya zuba mata ruwa a gaban yayansa, ruwan ya gangare.

"Ka gani, Yaya? Ko ɗigo!"

"A jikinta zan yanka ganyen?"

Nomau ya ƙanƙame agwagwar. "Haba Yaya, ai ba ka ce yanka za a yi ba."

Wata rana kuma iska ta riƙa naɗe masa ledar da ya koma yanka hoto a jikinta, Arzika ya ce, "Abu nake so mai faɗi, marar kauri, wanda iska ba ta lanƙwasa shi." Nomau ya duba gidan kaf, bai ga wanda ya cika sharaɗin ba sai ƙyauren kwano na banɗaki. Ya ɓalle shi ya ɗora a ka. Ashe Kawu na ciki.

"Kai! Ɗan banza! Mayar da ƙofar nan!"

"Yi haƙuri Kawu, Yaya ne ya riga ka nema."

Ranar sai da Arzika ya durƙusa yana roƙo kafin Kawu ya ajiye jakar da ya fara cusa wa kayan Nomau.

Wata rana Arzika ya ce ai babu kamar baƙar robar nan ta hoton ƙashi da ake yi a asibiti, ba ta jiƙa, ba ta yagewa. Nomau ya tafi asibiti ya hau layi. Nas ta tambaye shi ina ke ciwo, ya ce lafiyarsa garau, hoton ƙashi kawai yake so. Ta ce ai sai wanda ya karye ake yi wa. Mai gadi ne ya sauko da shi daga kan darbejiyar bakin asibitin, yana ta auna reshen da zai ba da karaya mai faɗi.

Wata rana, ana gobe biki, Arzika ya gaji. Ya kai Nomau gaban farar katangar ya ce, "Zan je neman kwali mai kauri. Fesa kore daga nan zuwa can. Kada ka ɗauko komai, kada ka cire komai, kada ka taɓa komai." Ashe daga ƙuryar katangar soso ya yi yaɗo ya rufe kusan rabi. Nomau ya miƙa hannu zai janye shi, ya tuna, ya mayar da hannun aljihu. Ya fesa kore a kan bango da soso gaba ɗaya, har da wani ƙadangare da ke shan rana.

Arzika ya dawo tare da Malama Ladidi. Da ya hango ɓarnar sai ya dafe kai. "Shi ke nan, ƙanena, ka kai kanka ƙauye." Ya fizge yaɗon da haushi ya jefar.

Su uku suka zuba wa katangar ido. A kan koren bango ga fararen ganyaye, manya da ƙanana, ga siraran igiyoyi masu murɗewa da babu reza da za ta iya fitar da su, ga siffar ƙadangare har da yatsunsa.

Malama ta matsa ta gyara tabarau. "Arzika, da me ka yanka wannan?"

"Ranki ya daɗe, aikin ƙanena ne."

"To shi nake so ya yi mini sauran katangun, haka sak."

Nomau ya leƙa sauran katangun, ko ciyawa babu a jikinsu. Ya sunkuya ya tsinko busasshen soso, ya girgiza, 'ya'yan suka yi kacau-kacau.

"Malama, zan yi. Amma sai kin ce wa Kawu ya bar ni a gari har in shuka soson nan ya fito."