Fil Biyu a Cikin Wayar Ranka Ya Daɗe

Jama'a, ranar Juma'ar da ta wuce na yi ɓarnar da ta fi albashina na shekara biyu, kuma da hannun dama na yi ta, har da bisimilla.

'Yata Nabilah ta gama jami'a, ta gama bautar ƙasa, yau shekara huɗu tana gida a Dutse Alhaji tana tsince mana shinkafa da digiri. To duk wanda ya zauna a Abuja ya san ba a samun aiki da cike fom. Wannan hanyar cin abincin masu shagon intanet ce. Aiki da 'yar guntuwar takarda ake nemansa: sunan yaro, abin da ya karanta, lambar waya. Ka tare babban mutum a ƙofar masallaci an idar da Juma'a, daidai lokacin da yake laluben takalmi da ƙafa, ka rusuna ka cusa masa. Ya ce "in sha Allahu", ya jefa a aljihun babbar riga. Ranar Litinin mai wanki ya wanke maka ita tas. Na yi haka sau goma sha ɗaya. Masu wankin Maitama kam sun san sunan Nabilah.

A karo na goma sha biyu na ɗana wa wani Ranka Ya Daɗe, Garkuwan Marasa Aiki, shugaban wata hukuma da har yau ban san me take yi ba. Sati uku ina sallah a sahun bayansa ina nazarinsa. A nan na fara ganin wayar nan mai ninkewa. A rufe waya ce kamar kowace. Ya buɗe ta sai ta baje kamar faranti, haske na zuba. Kuma ba don kira yake buɗe ta ba. Zai buɗe, ya duba lokaci, ya ninke, alhali ga agogo a hannunsa.

Kada in yi muku ƙarya, ni ma raina ya biya. Ni da tawa wayar sai an ɗaure ta da kyauro take kama caji, na wuni ina mafarkin in buɗe irin wannan a motar haya, 'yan Kubwa su matsa mini. Na ba maƙwabcina Yamusa labari, mutumin Karshi ne, manomin doya, na gaya masa kuɗinta zai sayi gonarsa.

Ya ce, "Da doyan ciki ko babu?"

Na ce, "Da doyar, da kai kanka."

Ya ce, "Malam Lukmanu, mu a ƙauye abin da muke ninkewa tabarma ne. Shi ma daga wurin ninkin yake fara mutuwa."

Na ce masa jahilci ne, masu yin wayar sun ce an ninke ta sau dubu ɗari a gwaji ba ta ce uffan ba. Ya ce, "A hannun wa?"

Ranar Juma'a na shirya takardata. Nan ne sabo, turken wawa, ya yi mini aiki. Shekara ashirin da bakwai ina ɗakin ajiye fayil a ma'aikata. Hannuna ba ya iya ganin takarda biyu ya bar su ba aure. Na ce bari in haɗa da hoton fasfo na Nabilah don a ga mutum ce ba aljana ba. Na danna sitefila. Fil ɗin ya karkace, na ƙara wani.

Aka sallame. Na tsallake takalma, na sha gaban wasu dattawa biyu masu irin niyyata, na rusuna. "Allah ya ja zamanin Ranka Ya Daɗe, 'yarka ce." Wayar na buɗe a hannunsa. Bai ko dube ni ba, ya karɓi takardar ya ɗora a kan gilashin, ya ninke. Na ji wani ɗan sauti, ƙis. Na ɗauka haka kukan wayar manya yake. Na koma gida ina gaya wa uwargida Murja cewa wannan karon ba aljihu muka shiga ba, cikin waya muka shiga, inda mai wanki ba ya kaiwa.

Ranar Litinin da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Kai ne baban Nabilah? Madam Catherine ce, sakatariyar Oga. Ka zo ofis."

Murja ta rangaɗa guɗa. Nabilah ta hau guga. Ni kuwa na karyo hula na hau acaɓa zuwa bakin titi, ina ta cewa mai nema yana tare da samu.

Ban ga Oga, wato Ranka Ya Daɗe, ba. Madam Catherine ce ta zaunar da ni, ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, wa ya ce ka sa fil? Oga ya buɗe waya a gaban baƙi, rabi baƙi ƙirin, rabi layi-layi kamar atamfa. Ga huji biyu. Ga hoton yarinyarka yana kallon shi."

Na ce, "Madam, ba a gyarawa?"

"An kai kasuwa, sun ce gilashin ciki ba a samun shi a nan, in an samu ma kuɗin ya kusa na sabuwa."

Garin neman ƙiba na samo rama. Na fara tunanin wa zai kai mini abinci ofishin 'yan sanda. Sai ta ce in kwantar da hankalina, Oga mutum ne mai yafiya, ta turo mini wani sabon fayil. A bangonsa an rubuta: sauya kayan aiki da ya lalace yayin sauraron koken talakawa. Shafi na uku, ga takardata, ga Nabilah tana murmushi, a matsayin shaida.

Jama'a, ni ɗan gida ne a harkar fayil. Na san fayil ɗin fansho na matar wani marigayi da ya shekara shida tsakanin hawa na biyu da na uku. Wannan kuwa, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, ya ratsa tebur bakwai. An amince a saya wa Oga biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta ko-ta-kwana. An amince a saya wa daraktoci goma sha biyu, don kada a ce an nuna bambanci. An kafa kwamitin mutum uku da zai je ƙasar da ake ƙera ta ya duba ƙarfin ninkin da idonsa. Wa ya ce gwamnati ba ta da sauri? Allah ya ƙara wa shugabanninmu kuzari.

Na ce, "To Madam, maganar aikin fa?"

Ta ce, "Wane aiki? An dakatar da ɗaukar ma'aikata, babu kuɗi."

Na dawo gida na tarar da Nabilah cikin kayan da ta goge. Na zayyana mata komai, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Baba, nawa ka ce za su saya?"

"Goma sha huɗu."

"Kuma duk sai sun fashe?"

"Yamusa ya ce daga wurin ninkin."

Ta cire mayafin, ta ninke shi a hankali. Washegari ta tafi kasuwar 'yan waya, wurin wata mata mai shagon gyara, ta ce a koya mata sauya gilashi. Jiya ta dawo da ƙuna a yatsa da ɗan abin sayen sabulu, karo na farko cikin shekara huɗu.

Wato dai, a ƙarshe Garkuwan Marasa Aiki ya samar da aikin yi guda ɗaya a gidana, bai sani ba. Don Allah kada wanda ya gaya masa. In ya ji, sai ya taho da 'yan jarida da rumfa don ƙaddamarwa, ni kuwa tsakar gidana ba ta ɗaukar mota ashirin.