Rasuwar Wayar Gwaggo Mai Wanki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗaguwa, Gwaggo mai wanki na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarta, wadda mai gyaran waya na bakin tasha ya kashe. Shi ya kashe ta, a rubuta haka, kada a sassauta.

Marigayiya 'yar ƙarama ce, baƙa, mai maɓallai. Gwaggo ba ta yi boko ba, marigayiya kuwa ba ta taɓa yi mata gori ba. Kowane mutum da maɓallinsa, kamar gidan da kowa ke da ɗakinsa, ba a taɓa kwantar da mutum biyu a ɗaki ɗaya ba. Na sama babban ɗanta ne. Na gefe, wanda ya koɗe, 'yar autarta. Na tsakiya mai ɗan ƙurji ƙanwarta ce, abokiyar sirrinta. Masu manyan wayoyi suna ta shafa gilashi suna neman suna cikin ɗaruruwan sunaye, ita dannawa ɗaya take yi, ko hannunta da kumfa, marigayiya ta ce ƙit, mutum ya fito.

Ciwon ajali bai taka kara ya karya ba, bakin caji ne ya saki. Mai gyara ya ce sai an wanke mata ƙwaƙwalwa. Wa ya aike shi? Ya wanke, ya mai da mutane yadda ya ga dama, ya miƙo ta yana murmushi, bai ce an sauya ɗakuna ba.

Gwaggo na kan wanki ta danna na tsakiya. Da ta ji an ɗauka ba ta jira sallama ba, don tsakaninta da ƙanwarta babu wannan. Ta ɗauko zancen surukinta, uban matar ɗanta: yadda ziyararsa ba ta tashi sai an sauke tukunya, yadda yake shafa wa gemu baƙin shuni yana tafiyar samari, har ta kwaikwayi dariyarsa. Da ta tsaya shan iska sai aka yi gyaran murya. Surukin ne. Ya saurara har ƙarshe, sannan cikin ladabi ya tambayi lafiyar gida.

Nan marigayiya ta suɓuce ta faɗa bahon wanki. Ta yi 'yar ƙara sau ɗaya, ta ɗauke.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin leda, da batir mai kumburin ciki, da robar da ke riƙe mata murfi. Ta bar Gwaggo tana zagaye ta bayan layi don kada ta bi ta ƙofar suruki. Matar ɗanta kuma har yanzu tana durƙusawa ta gaishe ta kamar kullum, wanda ya fi zagi ciwo.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, a gwangwanin madara, ƙarƙashin gado. Dangin suruki an yafe musu ta'aziyya.

Mai gyara kuwa dole ya zo da ƙafarsa, ya wuce gaba, Gwaggo na bayansa da mayafi a fuska, har gaban suruki. Abin da ta faɗa ta faɗa, amma ba kunnen suruki ta yi wa ba. Wanda ya kai masa, shi zai buɗe baki ya yi bayani.