Yadda Za Ka Rufe Maƙerar Kamfani da Kalmar "Kai"

Na haura shekara ashirin ina tuƙa shugabannin kamfaninmu na kan famfo, a nan ɗan garinmu da ke bayan Stuttgart. Ban yi boko mai zurfi ba. Makaranta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, muka rabu lafiya. Amma mutumin gaban mota yana jin abin da ba a faɗa a ɗakin taro, domin manya sun ɗauka direba wani ɓangare ne na sitiyari. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka riƙe kowane kamfani a Turai, ka tuge abin da kakannin mutane suka dasa, kuma a raka ka ƙofa da furanni. A wurin Dakta Lennart Brodersen na ga yadda ake yi. Saura ƙiris ya kammala, kuma zan nuna maka inda ya zame.

Abu ɗaya magadan kamfanin suka ɗauko shi daga Hamburg ya yi: ya rufe maƙera, inda mutum kusan saba'in ke narka tagulla, a riƙa sayo zubabbun kaya daga waje. Kai ma da wuya a ɗauko ka don wani abu dabam.

Mataki na ɗaya: Cire taye, ka raba "kai" kyauta

Ka san halinmu, mu Jamusawa. Wanda ya girme ka, ko wanda ba ku saba ba, "ku" ake ce masa, a haɗa da sunan gidansu. "Kai" kuwa kyauta ce, babba ne ke miƙa ta ga ƙarami, da musabaha. Ni da mai gadin ƙofarmu sai da muka yi furfura tare kafin ya ce mini, "To, daga yau ni Alwin ne."

Kai kada ka tsaya jiran wannan. Ranar farko ka zo da farin kambas, ka nannaɗe hannun riga, ka hau kan akwati a tsakiyar masana'anta ka ce, "Daga yau babu Dakta, babu Yallaɓai. Lennart ne kawai. Duk 'yan gida ɗaya muke."

Amfanin wannan babba ne. In Yallaɓai Dakta ya kori mutum, mugunta ce. In Lennart ya kore shi, abin tausayi ne da ya same su su biyu.

Mataki na biyu: Kada ka kira komai da sunansa

Kalmar "rufewa" kada ta fito daga bakinka ko cikin barci. Ka ce "sabon fasali". Kora kuma sunanta "buɗe wa mutane sababbin hanyoyi". Sai ka tara duka ka raɗa musu suna mai shekara a ƙarshe, wata shekara can da nisa wadda ka tabbata ba za ta riske ka a kamfanin ba. A buga a bango, a buga a kofin shayi.

Wata safiya a hanyar filin jirgi ya leƙo daga kujerar baya ya ce, "Ottmar, kai fa me kake hangowa a gabanmu?"

Na ce, "Danja, Yallaɓai. Ta ba da ja."

"Lennart," in ji shi. "Ka ce Lennart."

"Ta ba da ja, Lennart."

Ya ce wannan magana ce mai zurfi, zai yi amfani da ita a wurin taro. Ya kuwa yi.

Mataki na uku: Ɗauko hayar masu faɗin abin da kake so

Shugaba na gaske ba ya yanke hukunci, sayo shi yake yi. Kira masu ba da shawara, waɗannan 'yan kwat da ke magana rabi Jamusanci rabi Ingilishi. Ka gaya musu amsar tun a mota, su kuma su je su nemo tambayar. Bayan 'yan watanni za su haska majigi, su nuna wata kibiya tana gangarawa, wata tana hawa. Kai sai ka dafe goshi ka ce, "Ni kaina abin ya girgiza ni. Amma bincike ba ya ƙarya."

Ka lura: wanda ya riƙe wuƙa ake tsinewa. Kai faranti kawai za ka riƙe.

Mataki na huɗu: Ka tanadi masu laifi, kana juya su

Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai, da dokokinta. 'Yan China da arahar kayansu. Tsadar iskar gas. Amurkawa da harajinsu. Yaran zamani da ba sa son aikin zufa. Kada ka yi amfani da guda sau biyu a jere, mutane za su gane. Brussels ta fi daɗi, don ba ta da fuska, ba ta da ɗan'uwa a garin, kuma ba ta taɓa bugo waya ta ce ƙarya kake yi ba.

Mataki na biyar: Majalisar ma'aikata

Doka ta ce dole ka zauna da su. Ba ta ce dole ka ji ba. Sa a kawo burezel, murɗaɗɗen burodin nan namu mai gishiri, da man shanu, ka zuba musu kofi da hannunka.

Namu shugaban majalisar Egon Haubensak ne, mijin ƙanwata, ɗan maƙera tun yana saurayi, mutum mai wuya kamar gungume. Ranar zaman ni na kawo burezel ɗin, don haka na tsaya jikin ƙofa.

Lennart ya ce, "Egon, ka saki jiki. Nan babu babba babu ƙarami. Faɗi abin da ke ranka."

Egon ya ce, "Da gaske? Kai zan ce maka?"

"Sosai ma."

"Madalla. Shekara da shekaru ina son in gaya wa shugaban kamfanin nan wata magana, amma da 'ku' ba ta fitowa daidai. Lennart, kai jaki ne."

Wata daga sashen albashi ta shaƙe da kofi.

Ga inda ake gane gwani. Lennart ya yi murmushi, ya dafa ƙirji, ya ce, "Na gode da wannan gaskiya. Irin al'adar da nake son ginawa ke nan."

Egon ya ce, "Ba yabo ba ne."

"Na ji zafin da ke cikin maganarka."

"Maƙera za ka rufe ko ba za ka rufe ba?"

"Tambaya mai kyau. Mu tafi da ita gida, mu kwana da ita."

Egon ya fito yana huci, ya ce mini, "Suruki, mutumin nan kamar sabulu ne a cikin baho." Ka koyi wannan. Duk wanda ya zage ka, ka gode masa. Mutum ba ya iya ci gaba da dukan katifa.

Mataki na shida: Zaɓi lokaci

Mugun labari dab da hutun Agusta ake shirya shi. Rabin gari na bakin teku a Italiya, sauran rabin na neman inda suka ajiye tanti. Kafin su dawo an sa hannu.

Mataki na bakwai: Akwai mutum ɗaya da ba a ce wa "ke"

Wannan shi ne matakin da ya fi sauran duka, ka buɗe kunne.

Kowane kamfanin gado yana da tsohuwa. Tamu Madam Irmtraud Haible ce, jikar wanda ya kafa wurin, ta haura tamanin, ita ce shugabar kwamitin sa ido. Magada na iya hayaniya daga Munich, amma ba a rufe ko bayan gida sai ta sa hannu. Tun da mijinta ya rasu, a duniya karenta kaɗai take ce wa "kai". Ni da nake kai ta coci duk Lahadi, har yau Malam Schlegel nake.

An shirya kwamiti zai zauna ranar Litinin a kan maƙera. Ranar Asabar kafin nan aka yi bikin bazara na kamfani a farfajiya: soseji a kan garwashi, haɗin dankali, giya, 'yan badujala na gari suna busa. 'Yan maƙera suka zauna benci ɗaya da matansu, suna cin abinci kamar a gidan makoki.

Egon bai jira a kira shi ba. Ya karɓe makirufo daga hannun mai busa, ya yi jawabi a kan ubansa da ya ƙone hannu a wannan maƙera, da garin da zai koma kufai, da mai gidan burodi da mai aski da za su bi baya. Mata suka share hawaye. Madam Haible na zaune a gaba da jakarta a cinya, fuskarta kamar ƙofar banki.

Lennart ya ga jama'a na neman kuɓuce masa. Ya hau dandamali da kofin giya a hannu, ya gode wa Egon, ya ce shi ma zuciyarsa na jini. Sannan ya miƙa hannu wajen tsohuwa ya ce, ta lasifika, gari duka na ji:

"Irmi, zo mana! Zo ki gaya musu ke ma kina tare da ni!"

Mai gasa soseji ya tsaya da cokali a sama. Wani yaro ya tambayi uwarsa wace ce Irmi, ta toshe masa baki.

Madam Haible ba ta tashi ba. Ta ɗaga kai kawai, ta ce, "Dakta Brodersen, ku tuna mini. A wane aji muka yi makaranta tare?"

Ya yi dariya, ya ce, "Haba, ai nan duk 'yan gida ɗaya ne."

"Gidan nawa ne," in ji ta. "Kuma ban tuna na haife ku ba."

Ranar Litinin kwamiti ya zauna. Ta ce batun maƙera na buƙatar ƙarin nazari, a ɗage shi. A kamfaninmu abin da aka ɗage don ƙarin nazari, jikoki ne ke tarar da shi.

Mataki na takwas: Ka iya faɗuwa

Ko ka zame, kada ka damu, a wannan sana'a sama ake faɗawa. Ba a korar shugaba. Ana "rabuwa cikin mutunta juna", shi kuma yana tafiya "neman sabon ƙalubale". Aka ba Lennart furanni da abin sallama mai nauyi, na kai shi tashar jirgin ƙasa. Ya rungume ni ya ce ba zai manta da ni ba, yana kira na Oskar. Yanzu yana riƙe da wani kamfani da ya ninka namu, har ana gayyatarsa ya koyar da yadda ake tafiya da mutane.

A garinmu kuwa Egon ya zama gwarzo. Bai sake sayen giya da kuɗinsa ba. Kowa na cewa jawabinsa ne ya narka zuciyar tsohuwa, shi ma ya yarda, har ya fara gyara labarin, yana ƙara masa hawaye.

Lahadin da ta biyo bayan tafiyar Lennart, muna dawowa daga coci, muka wuce ta bayan masana'anta. Madam Haible ta daɗe tana kallon bututun hayaƙin maƙera ta taga.

Na ce, "Madam, kun ceci mutane da yawa. Maganar surukina ta taɓa ku ke nan."

"Wane ne surukinku?"

"Haubensak. Wanda ya yi jawabi."

"Mai ihun nan? Ban ji ko kalma ba, Malam Schlegel, na kashe na'urar kunnena saboda 'yan badujala. Sai da Dakta ya hau na kunna." Ta gyara jakarta. "Ni fa na riga na yanke zan sa hannu. Lissafinsa daidai ne. Amma ba zan zauna a tebur ɗaya da mutumin da ya kira ni Irmi ba. Ku rage gudu, akwai kwana."

Na rage gudu.

A kula

Ni direba ne, inda aka ce in nufa nan nake nufa. In ka bi matakan nan aka kore ka, ba ni na ɗauke ka aiki ba. In ka bi su ka yi nasara, ba ni na rufe wa kowa bakin abinci ba, kuma kada ka kuskura ka zauna a teburinmu na mashaya. In ka zo kamfaninmu da ladabi, ka ce wa tsohuwa "ku", ta sa maka hannu, to wannan tsakaninka ne da mutum saba'in da matansu, ni ban san ka ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo: kada maganar na'urar kunne ta je kunnen Egon. Ƙanwata ta ce tun da suka yi aure bai taɓa barci mai daɗi irin na yanzu ba.