Taliyar Gwaggo Mai Kirim

Wani ne, irin mutanen nan da ba a taɓa tambayarsu abu suka ce ba su sani ba. Gyaran rediyo yake yi, amma in ka sake masa fuska sai ya koya wa likita yin allura.

Gwaggonsa ta sauka a gidansa tana zuwa asibiti, ciwon ƙoda ya sa ta gaba. An hana ta kusan komai. Ta rame, ta ƙi abinci, wai duk lami ne. Sai malamar asibiti ta rubuta musu yadda za a dafa mata taliya da kaza da ɗan kirim na madara, irin wadda ba ta wahalar da ƙoda.

Matarsa na shirin fita aiki ta ce, "Maigida, ka bari in dawo in dafa."

"Ke, taliya ce fa! Ni da nake buɗe cikin rediyo in mayar?"

"Rediyon gidan nan shekararsa biyu bai yi magana ba."

"Hutawa yake. Ba ni takardar."

Gogan naka ya sayo kaza da taliya, ya faɗa wani kanti.

"Akwai kirim?"

Mai kanti ya ce, "Na fuska ko na jiki?"

"Na ƙoda."

"Na me?"

"Ƙoda, malam. Wai kanti gare ka ba ka san kaya ba? Miƙo mai kaurin can."

Mai kanti ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙo masa ƙatuwar roba mai hoton wata mata tana murmushi.

A kicin ya ɗora tukunya, ya buɗe takarda. Layin farko: a rage gishiri sosai. Ya yi ɗan tunani.

"To, ai sai an zuba ake ragewa."

Ya juye rabin ledar gishiri a ruwan zafi. Ya je neman cokalin da zai rage da shi. Kafin ya dawo gishiri ya narke. Ya leƙa, babu ko ƙwaya ɗaya.

"Madalla. Ya ragu da kansa."

Layi na biyu: a cire fatar kazar. Ya cire ta tsaf ya jefa a tukunya. Tsokar kuwa ya soya ya cinye a tsaye, wai tunda fata aka ambata, ita ake so.

Layi na uku: cokali biyu na kirim. Ya ce asibiti da rowa, ya zazzage robar duka a ciki. Tukunya ta yi kumfa. Kicin ya ɗauki ƙamshi kamar shagon gyaran gashi.

Ya shirya kwano a tire, ya kai ɗaki yana taku ɗai-ɗai.

"Gwaggo, tashi ki ci girkin masana."

Tsohuwa ta buɗe, ta sunsuna, ta ja baya.

"Kai, wa ya yi wanka a kwanon nan?"

"Haka na Turawa yake. Ki ɗanɗana."

Ta ɗebo a cokali, ta kai bakin leɓe ke nan sai ga matarsa ta dawo daga aiki, ta faɗo ɗakin da robar a hannu.

"Gwaggo, ajiye! Kada ki ci! Man shafawa ne!"

Cokali ya faɗi. Gwaggo ta dafe ƙirji, ta zuba masa ido.

"Amma kai dai an yi sakarai. Ni na goya ka, ban san ƙwaƙwalwarka ta zube a hanya ba. Likita ya ce ƙodata ɗaya ta lalace, shi ne ka zo ka ƙarasa ɗayar?"

Ya karɓe robar daga hannun matarsa, ya juya bayanta, ya nuna da yatsa.

"Haba Gwaggo, ku dinga karatu mana. Ga shi nan an rubuta: yana gyara duk inda ya lalace cikin kwana bakwai."